Askar Gado a Ruwan Zafi

Ni ɗan wanzami ne, jikan wanzami, kuma ni ne na sa aka dafa askar gidanmu. Har gobe akwai tsofaffi a garinmu, can cikin fadama a hanyar Kirikasamma, waɗanda in aka ambace ni sai su taɓe baki su ce, "Au, wannan mai taurin kan?" To, ni ne. Ban taɓa musu ba, ban kuma taɓa ba kowa haƙuri ba. Sai dai kowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, yau bari mai abin ya faɗa da bakinsa.

Ubana shi kaɗai ne wanzami a tsallakenmu. Aski nasa, ƙaho nasa, kaciya tasa, askin suna da tsagar jarirai duk shi ne. Kada wani ya ɗauka labarin ƙazami nake bayarwa. Ina! Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, wanda in ƙuda ya sauka a kan zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aiki, sai ya bi shi da zagi. Tun ina yaro wani duba-gari ya zo daga Haɗeja ya tara mutane ya ce rana tana kashe ƙwayoyin cuta. Kowa ya ji ya watse, ubana kaɗai ya riƙe maganar. Daga ranar, kullum da hantsi sai ya shimfiɗa 'yar tabarma a kan rumfar ƙofar gida, ya jera asakensa su sha rana har azahar. Yana alfahari da wannan ba kaɗan ba. Yakan ce sauran wanzamai a cinya suke goge aska, shi kuwa tasa rana ce ke wanke ta.

A cikin asaken akwai guda ɗaya da ba a yi wa kowa aiki da ita sai 'ya'yan gidanmu. Ta kakana ce, shi ma a wurin ubansa ya gada. Ta sha washi har ta sirance, ƙotarta ƙahon rago ne da aka liƙe da ƙaro. Duk ɗan da aka haifa mana, ita ce ƙarfen farko da zai taɓa shi ran suna. Ita za ta aske kai, ita za ta yi masa tsagar gida, gajeru uku a gefen kowane ido. Kuma ba ta shiga wuta, ba ta shiga ruwan zafi. An ce kakanni sun shayar da ita magani, in ta ji zafi maganin ya tashi, ta koma ƙarfe kawai.

Da ita aka yi wa ɗana na fari. Kwana uku bayan suna tsagar gefen hagu ta kumbura ta tara mugunya, jikinsa ya yi zafi, ya daina kama nono. Ran kwana goma sha biyu muka binne shi. Aka ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, har yanzu na yarda kwana yana ƙarewa. Ubana da kansa ya ɗauke shi a hannu har maƙabarta yana kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Babu wanda ya waiwayi askar, har da ni.

Bayan an gama yaƙin basasa na samu aiki a ɗakin shan magani na garinmu, shara da wankin gyambo, albarkacin 'yar firamaren da na yi. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka tura ni asibiti a Haɗeja, in yi wata uku in koyi allura da kula da kayan aiki. Aka damƙa ni a hannun mai kula da ɗakin gwaji, wani mutumin Filato, Kirista, gajere mai sanƙo, mai son tsokana. Tun ranar farko da ya ji sana'ar gidanmu bai ƙara kira na da komai ba sai ɗan wanzam.

Wata rana kananzir ya ƙare a risho, ga almakasai da hantsuka an gama aiki da su. Sai na wanke su na jera a bakin taga inda rana ke duka, na koma gefe ina jiran yabo. Ya shigo ya tsaya a kansu.

"Ɗan wanzam, kilishi kake yi?"

Na ce, "Rana za ta kashe ƙwayoyin, Malam. Babana shekara ashirin yana haka."

"Tana kashe wasu," in ji shi. "Zo in nuna maka sauran."

Ya ɗauko farantan gilashi biyu masu murfi, irin waɗanda ake zuba wa wani abu kamar daskararren romo don ƙwayoyi su ci su hayayyafa. Ya shafa ruwan gyambon wani majiyyaci a kan almakashi biyu. Ɗaya ya ce in shanya a duk inda na ga rana ta fi zafi, ɗaya ya aro risho ya dafa a gabana. Da azahar ya dangwala kowanne a farantinsa ya rufe. Bayan kwana biyu na dafaffen yana nan tas. Na shanyayyen kuwa ga ɗige-ɗige farare, ba su da yawa, amma ga su nan. Ya ce kowane ɗigo gari guda ne, kuma daga ƙwaya ɗaya da ta tsira aka kafa shi.

Ni ba na saurin sallamawa. Na ce ai rana ce ba ta kai gare su ba, sun ɓuya a mahaɗar almakashin. Ya ce akwai wannan, busasshen jini ma rumfa ce a wurinsu. Amma akwai abin da ya fi wannan ban haushi, har waɗanda rana ta doka sosai, wasunsu suna warkewa.

Sai ya kwance igiyar wani kwali, mai tufka biyu, ya miƙe ta a kan tebur. Ya ce a cikin kowace ƙwaya, bakteriya ke nan a bakinsu, akwai wani dogon zare da Turawa ke kira DNA. A jikinsa aka tsara duk yadda ƙwayar za ta ci, ta girma, ta rabu biyu. Zaren sili biyu ne a murɗe, kuma kowane sili ya san ɗan'uwansa, in ka ga abin da ke wannan gefe ka san abin da ya kamata ya kasance a wancan. Hasken rana yana ƙona silin, wani wuri ya liƙe ya ƙudundune, wani wuri ya tsinke. In ɓarnar ta yi yawa, ƙwayar ta mutu. In kuwa da sauran dama, to akwai waɗansu sinadarai a cikinta da ake ce wa enzayim, ba su da aiki sai bin zaren suna laluben inda ya lalace. Wani ya gano wurin ya yanke gaba da baya, a fitar da ɓataccen guntun. Wani ya zo ya dubi silin da ya rage lafiya, ya saƙa sabo daidai da shi. Na ƙarshe ya ɗaure bakin tsoho da bakin sabo, zare ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Ya ce har akwai irin da hasken ranar ne ma ke ba shi ƙarfin kwance abin da ranar ta liƙe.

Na ce, "Tabɗijam! Wato su ma suna da wanzamansu?"

Ya yi dariya har da dukan tebur. "Suna da su, ɗan wanzam, kuma nasu ba sa tafiya cin kasuwa."

Na tambaye shi to ruwan zafi fa, me ya fi rana da shi. Ya ce ruwan zafi masu gyaran yake dafawa. Ka taɓa ganin dafaffen ƙwai ya koma ɗanye? In masu gyara sun dahu, ko zare ya tsinke wuri ɗaya ne babu mai ɗaure shi. Amma a bar ruwa ya yi ta tafasa, don akwai masu taurin ɓawo da ba sa jin tafasa ɗaya. Ya ce wannan magana ta gyaran zare sabuwa ce ko a wurin masana, shi ma a mujallun da wani tsohon malaminsa ke aiko masa yake tsintar ta.

Dariyar ba ta bi ni waje ba. Na fita na zauna a gindin darbejiya, ba abin da nake gani sai tabarmar nan a kan rumfa da fuskar ɗana a kumbure. Na koma ciki na ba shi labarin, na ce ya gaya mini gaskiya, askar ce? Ya ce ba zai iya ce mini ita ce ba, ba kuma zai iya ce mini ba ita ba ce. Wallahi na so ya ce ba ita ba ce. Na ji haushinsa kwana biyu ban gaishe shi da kyau ba.

Na koma gida farkon damina, na tarar cikin matata ya shiga wata bakwai. 'Yar masunta ce, a bakin kogi ta tashi. Na zaunar da ita ina ta kame-kamen yadda zan fahimtar da ita sili biyu da masu gyara, sai ta katse ni.

"Ai ɗinkin tarun kamun kifi ne wannan, Malam. Ka yanke inda ya ruɓe, ka dubi idon da ke kusa ka saƙa irinsa, ka ƙulle. Me ye abin wahala a ciki?"

Abin da na kwana biyu ina juyawa ta gane kafin tuwo ya huce. Sai ta dafa cikinta. Ta ce a kan na fari ba ta ce komai ba, don ba ta san komai ba, ba a kuma tambaye ta ba. Wannan kuwa, in askar nan za ta taɓa shi yadda take, sai dai ta fara bi ta kanta. "Amma ni suruka ce, ba ni da baki a gaban Baba. Kai ne ɗansa."

Na sami ubana shi kaɗai bayan la'asar yana wasa aska a kan dutse. Na durƙusa, na yi ladabi iyakar yina. Ban ce a bar tsaga ba, lokacin hankalina bai ma kai nan ba. Ban ce a sake aska ba. Abu ɗaya na roƙa, a tafasa ta kafin ta taɓa jaririn. Na yi masa bayanin zare da masu gyara, yana ji yana washi, bai ɗago ba.

Da na gama ya ce, "Wato ƙwayar da ido ba ya gani, kai ka ga zaren cikinta, har ka ga masu ɗinkin zaren."

Na ce, "Ban gani ba, Baba, amma na ga aikinsu a faranti."

"Wata uku ka yi a Haɗeja. Da ka yi shekara ai sai ka dawo ka koya wa uwarka tuƙa tuwo." Ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Da askar nan aka yi mini, da ita na yi maka, ga ka nan har kana da bakin gardama. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan da ake zagina da shi ai ba a kasuwa na saya ba. Na ce tun da ji bai yi ba, bari in kawo gani. Na sami kwalaben magani biyu masu faɗin baki, na dafa su, na tace romon kifi na zuba, na sake dafa su da murafensu. Ranar Juma'a na jira ya tafi masallaci, na ɗauko askar gado daga kan rumfa, ta sha rana tun hantsi har tana ƙona hannu. Na tsoma bakinta a kwalba ɗaya, na goge na mayar. A ɗaya kwalbar na tsoma wata tsohuwar askarsa da ya jefar, bayan na dafa ta. Na rufe su na ajiye a ɗaki. Kwana biyu, romon tsohuwar aska yana nan garau. Na askar gado ya yi dishi-dishi, ya tara kumfa, in ka buɗe sai ka kau da kai.

A nan na yi wauta, kuma ba zan ɓoye ba. Da na jira shi ya shiga gida. Amma zuciya ta ɗebe ni, na ɗauki kwalaben na tafi ƙofar gida da hantsi, lokacin da zaure ke cike da masu jiran aski. Na dire su a gabansa na ce, "Baba, gani ya kori ji. Wannan askar da aka dafa ce, wannan kuma wadda rana ta wanke." Na buɗe murfin. Wani tsoho da aka aske masa rabin kai ya toshe hanci ya ce, "Subhanalla!" Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ashe wanzami ba ya son jarfa."

Ubana bai dubi kwalaben ba, ni ya duba. Ya ce, "Ka taɓa ta ba da izinina ba, ka tsoma ta a miya." Ya juya ya ƙarasa wa tsohon askinsa. Daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri. Mutum huɗu ko biyar suka daina zuwa aski, suna jiran ranar kasuwa su tsallaka kogi wurin wani wanzami. Na kunyata shi a gaban mutanen da yake riƙe wa kai, na san haka, kuma ya dame ni. Amma romon dai ya ruɓe, ba ni na ruɓar da shi ba.

Ruwa ya zo da ƙarfi shekarar. Kogi ya cika ya malala fadama, hanyar mota ta nutse, gonakin shinkafa suka zama tabki guda, garinmu ya koma tsibiri. In ba a kwalekwale ba, ba shiga ba fita. A cikin wannan hali matata ta sauka, aka sami mace. Babu batun ɗauko wani wanzami daga tsallake, kuma ko da hanya, wa zai yarda ya shiga gidan ɗan wanzami ya yi wa jikar wanzamin aski alhali yana raye?

Kwana shida uwata tana zirga-zirga tsakanin gidana da na ubana. Ta zo ta ce in rufa wa kaina asiri, ba a jayayya da uba, bakin uba ba abin wasa ba ne. Na ce, "Inna, ni ban ce kada ya yi ba. Tukunya ɗaya ce tsakanina da shi." Ta koma ta dawo ta ce ya ce askar da aka dafa ta mutu, shi kuwa ba zai yi wa jininsa aiki da gawa ba. Na ce gara gawar aska. Ta rufe mini baki da hannunta, ta ce kada in ƙara faɗar haka, sannan ta shiga ɗakin mai jego ta daɗe tana kallon jaririyar. Na ji tsoro a kwanakin nan, ba zan yi ƙarya ba. Ina tsoron bakinsa, ina tsoron abin da gari zai ce. Amma duk sanda tsoron ya taso sai in leƙa in ga gefen idon yarinyar, fata lumus ba tabo, sai in ji zuciyata ta koma ta tsaya.

Ran suna da sassafe aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago. Ubana ya zauna a cikin mutane ya shafa fatiha, bai dubi inda nake ba. Da hantsi ya ɗaga, mutane suka rage, na shiga gida na haɗa murhu a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin mai jego. Na ɗora sabuwar tukunya, na zuba ruwa, na hura wuta har ya fara tafasa. Na tsaya a bakin ƙofa.

Ubana ya yi sallama ya shigo, zabira a rataye. Mata sun cika tsakar gida. Ya dubi tukunyar, ya dube ni.

"Matsa."

Na durƙusa a inda nake, amma ban matsa ba. Na ce, "Baba, ka yi mini duk abin da ka ga dama. Ka doke ni a gaban matan nan, na yarda. Amma ba za ta shiga ɗakin nan ba sai ta bi ta ruwan nan."

"Ni kake tare wa ƙofa?"

"Askar nake tare wa."

"Ni da ita ai ɗaya ne." Muryarsa ta yi ƙasa, yadda ba kowa zai ji ba. "Faɗi abin da ke cikinka. Tun da ka dawo kake kewaye-kewaye. Kana cewa ni na kashe wancan."

Wannan ita ce maganar da na yi wata biyu ina gudu. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba, wanda ya koya mini ma bai sani ba. Rashin sanin ne ya hana ni barci. Kai ka ɗauke shi a hannunka. Ba na so ka sake ɗaukar wani."

Uwata ta fashe da kuka. Daga cikin ɗaki na ji matata tana jijjiga yarinyar, na san tana tsaye ne a bayan labule, in ni na kauce ita ba za ta kauce ba. Ubana ya tsaya har na ɗauka juyawa zai yi ya fita. Sai ya sauke zabira, ya zaro askar, ya warware tsumman da yake naɗe ta. Bai miƙo mini ba. Da hannunsa ya sake ta a cikin tukunyar.

Na duba agogona, na ce sai ta yi minti ashirin. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, wannan yaro, ba ka da ta ido!" Ban kula ta ba, na ƙara itace. Ubana ya tsuguna a gaban murhun yana kallon ruwan, ni ina kallon agogo. Ba a yi nisa ba ƙaron ya narke, wani baƙin datti ya taso daga cikin ƙotar yana yawo a saman ruwa. Can sai muka ji ƙas, ƙahon ya tsage biyu, ya rabu da ƙarfen. Uwata ta yi salati. Shi bai motsa ba. Sauran minti bakwai, kuma sai da na bari suka cika.

Na tsamo ƙarfen da hantsakin da na dafa, na ɗora a kan dafaffen ƙyalle ya huce. Na zuba masa ruwa da sabulu ya wanke hannu. Aka fito da yarinyar. Ya riƙe tsuran ƙarfen tsakanin yatsu biyu, ba ƙota, ya aske mata kai tas, ko ƙwarzane babu. Ya yi tsaga uku nan, uku nan, kafin ta gama buɗe baki ta yi kuka ya gama. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin na ranar ba. Da zai shafa baƙin tukunya a kan tsagar kamar yadda aka saba, na miƙa masa auduga da maganin asibiti. Ya dube ni, ya karɓa, ya shafa. Yarinyar nan tsagarta ta bushe cikin kwana biyar, yau tana da jikoki.

Ya tsamo gutsattsarin ƙahon ya naɗe su da ƙarfen a tsumma, ya mayar zabira. Ya miƙe ya rataya. Na ɗauka shi ke nan, har na fara haɗa kalmomin godiya a bakina. Sai ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"A kawo wa wanzami rabonsa."

A wajenmu in wanzami ya yi askin suna, ƙafar gaba ta rago tasa ce. Amma a gidan mutane ake ba shi. Ba ya karɓa a gidan ɗansa, don mutum ba ya karɓar ladan aiki a gidansa. Kowa a tsakar gidan nan ya san abin da yake nufi. Uwata ta ce, "Haba, Malam, haba!" Bai dube ta ba.

Na je inda aka rataye ragon, na yanko ƙafar da kaina. Wuƙar tana zamewa, hawaye ya cika mini ido har ba na ganin gaɓar. Na kawo na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya ɗan juya ta yana dubawa, kamar yadda na sha ganin yana yi a gidajen mutane.

"Mun gode, maigida," in ji ubana. "Allah ya raya."